An Liƙa a Sakatariya: Yaushe Doka Ke Ɗauka Cewa Ƙaramar Hukuma Ta Sanar da Kai?

Duk ranar da aka tashi rusa rumfuna a bakin kasuwa, ko aka ƙara kuɗin tasha, ko aka kafa turaku a gonar wani da sunan za a gina makaranta, maganganu biyu za ka ji, kuma ba sa canzawa. Jami'in ƙaramar hukuma zai ce an ba da sanarwa tun tuni. Mai rumfa ko mai gona zai rantse cewa yau ya fara ji. Abin ɗaure kai shi ne sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. An buga takarda da Turanci, an danna mata hatimi, an liƙa a allon sakatariya. Wanda abin ya shafa kuwa yana can bayan Ɗansadau, kafin ya iso garin Maru, hedikwatar ƙaramar hukumarsa, sai ya ratso ta Gusau, in ma hanyar na biyuwa a ranar.

To wace doka ce ta tsara yadda ƙaramar hukuma za ta sanar da jama'a? Babu guda ɗaya da za ka ɗauko ka ce ga ta. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun shugabanni, amma ya bar wa kowace jiha ta yi dokar da za ta tsara kafuwarsu da fasalinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Ke nan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ba tsari ɗaya suke bi ba. Namu 14 na Zamfara suna ƙarƙashin abin da Majalisar Dokoki ta Gusau ta rubuta, na Kebbi 21 kuma sai abin da aka rubuta a Birnin Kebbi. Jadawali na huɗu na kundin ya jero ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, lasisin keke da kwalekwale da baro da amalanke, raɗa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Kusan kowanne a cikinsu akwai kuɗin da ake karɓa, ko ƙa'idar da in ka saɓa za a ci ka tara. Amma jadawalin bai ce uffan ba a kan yadda za a gaya wa wanda zai biya. Sai dai a tsinto hukuncin daga dokoki daban-daban, kowace da irin sanarwar da take so, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

A fara da tara, domin ita talaka ya fi gamuwa da ita. Sashe na 36(12) na kundin ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka. Mutanen Zamfara sun ga wannan sashe yana aiki da idonsu. Da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, alƙalai ba su fara yanke hukuncin laifuka da ita ba sai da majalisa ta zartar da kundin hukunci a rubuce, sashe-sashe, ya fara aiki a Janairun 2000. Hukunce-hukuncen da suka shafe ɗaruruwan shekaru a littattafan fiƙihu ma sai da aka bi da su ta wannan ƙofa. Ina ga umarnin da ciyaman ya bayar da baki a wajen taro? Dokar ƙaramar hukuma tana da hanyarta: a jihohi da dama kansiloli ne ke zartarwa, ciyaman ya sa hannu, sannan a buga a gazet, wato jaridar gwamnati da ake adana dokoki da sanarwar hukuma a cikinta. Wanda aka tare a tasha aka ce ya biya tarar dubu biyar yana da damar tambayar wace doka ce, kuma a ba shi rasit mai sunan hukuma.

Sai dai wannan kariya rabi ce. Sashen ya wajabta a rubuta, bai wajabta ka ji ba, kuma a kotunan Najeriya rashin sanin doka ba uzuri ba ne. Gazet ɗin jiha kuwa ba a sayar da ita a bakin titi. Lauyoyi kansu sukan sha fama kafin su sami kwafin wata tsohuwar fitowa, balle mai sayar da albasa a Talatar Mafara.

Inda doka ta fi tsayawa wa talaka, abin mamaki, shi ne maganar fili, duk da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sha zagi tun ranar da aka kafa ta. Dokar ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta raba ta gida biyu: ta birni gwamna ke kula da ita, ta karkara ƙaramar hukuma. Sashe na 6 ya bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da amincewar gwamna. Wa ke yanke cewa nan birni ne, can karkara? Sashe na 3 ya ce gwamna ne, ta hanyar umarnin da zai buga a gazet. Ma'ana gonar da ke gefen Gusau ko Ƙauran Namoda tana iya kwana a karkara ta wayi gari a birni, ikon da ke kanta ya koma wani ofis, mai ita yana can yana sharar gona bai san an yi ba.

Amma idan aka zo ƙwace fili daga hannun mai shi, dokar ta canza murya. Sashe na 28 ya ce gwamna na iya soke izinin mallaka don amfanin jama'a, sai dai dole a ba mai filin sanarwa, kuma haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai ranar da sanarwar ta isa gare shi, ko wata rana ta gaba da aka ambata a cikinta. Sashe na 44 ya bi hanyoyin isarwa ɗaya bayan ɗaya: a miƙa masa hannu da hannu, ko a ajiye a gidan da aka san yana zaune, ko a aika da wasiƙa mai rajista. Sai idan an yi bincike gwargwadon iko ba a gano sunansa ko inda yake ba, sannan a bai wa wani da ke wurin, ko a liƙa a inda kowa zai gani a kan filin. Ba a ambaci jarida a jerin ba, ba a ambaci allon sakatariya ba. Kotun Ƙoli ta riƙe wannan da ƙarfi. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991 ta nuna cewa sokewar da ba a bi ƙa'idar sanarwa ba banza ce, a 2009 kuma, a wata shari'a daga Anambra, ta ce bugawa a gazet ba ya maye gurbin kai wa mutum takardarsa. A ganina wannan ne ma'auni mafi adalci a duk dokokinmu na sanarwa, domin ya bambanta abin da ya shafi kowa da abin da ya shafi mutum ɗaya sananne. Idan gwamnati ta san sunanka ta san ƙofar gidanka, ba ta da hujjar yi maka magana ta shafi na talatin na jarida.

Giɓi biyu ne a nan, kuma duka sun fi ciwo a Zamfara. Na farko, ikon da sashe na 6 ya bai wa ita ƙaramar hukuma na karɓar filin karkara don aikin jama'a bai zo da bayanin sanarwa dalla-dalla kamar na gwamna ba. Ya dai ce a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka, kuma in gona ce a bai wa manomin wata a madadinta, sharaɗin da manoma kaɗan ne suka san da shi. Na biyu, waɗanda suka rubuta “gidan da aka san yana zaune” a 1978 ba su hango ƙauyukan da 'yan bindiga za su tasa ba. Mutumin da ya bar garinsu a yankin Zurmi ko Maradun, yana raɓe da iyalinsa a wani kango a Gusau, ana iya ajiye masa takarda a gidan da ba kowa sai jemagu, a ce an cika doka. Mu da muka taso da labarin madatsar ruwan Bakolori bai kamata mu ɗauki irin wannan da wasa ba. Madatsar aikin gwamnatin tarayya ce, an kammala ta a 1978, amma rigimar da ta kai ga 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980 a kan diyya da rabon gonaki ta taso, bayan mutane sun ga ana yanke hukunci a kan ƙasarsu ba tare da an zauna da su ba. Har yau ba a daidaita a kan yawan waɗanda suka mutu ba.

Akwai wasu sanarwar da dokokin tarayya suka jingina da ofisoshin ƙananan hukumomi. Masu auren rajista, galibi Kiristoci, sun san ana liƙa sunayensu a ƙofar ofishin magatakarda, sai an kwana 21 babu mai ƙorafi kafin a ba da takardar izini. Manyan ayyuka irin haƙar ma'adinai da madatsun ruwa da manyan tituna kuma, dokar auna tasirin aiki ga muhalli ta 1992 ta sa ana baje rahotonsu don jama'a su duba, a al'adance na ranakun aiki 21, kuma sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin zai shafa tana cikin wuraren da ake ajiye shi. Rahoton kan kai ɗaruruwan shafuka na Turancin injiniyoyi. A jihar da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ajiye irin wannan kundi a kan tebur a ce an ji ra'ayin jama'a wasa da hankali ne.

Kwangila ita ce inda aka fi sanin sanarwa a jarida. Dokar sayayya da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce a tallata aiki a allon ma'aikata, da shafinta na intanet, da aƙalla jaridun ƙasa biyu, da mujallar kwangiloli, kuma a yadda aka fara rubuta ta sai an ba da makonni shida kafin rufe karɓar takardu. Wannan doka ta hukumomin tarayya ce, da ayyukan da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsu daga aljihun tarayya ya fito. Jihohi kowace da tata, mafi yawa an kwaikwayo ta tarayyar. Hikimar a fili take: idan mutum goma suka ga talla, farashi zai sauka. Dabarun kauce mata su ma a fili suke, duk ɗan kwangila ya san su. A daddatsa aiki ɗaya gida biyar don kowane yanki ya faɗo ƙasa da adadin da ke wajabta talla, ko a liƙa takarda ranar Juma'a da yamma a cire ta Litinin da safe bayan an ɗauki hotonta an sa a fayil.

Dokar da ta ambaci takarda da intanet a numfashi ɗaya ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. An fi saninta da cewa kana iya rubuta wa hukuma ka nemi bayani ta amsa cikin kwana bakwai. Sashe na 2 ya wuce nan. Ya ɗora wa kowace hukuma ta fitar da wasu bayanai da kanta ba sai an roƙa ba, ciki har da kuɗin da ta karɓa da wanda ta kashe, da sunaye da albashin ma'aikatanta, da takardun kwangilolinta, kuma ya ce a yaɗa su ta hanyoyi daban-daban: a buga a takarda, a sa a intanet, a kuma ajiye a ofis. Dokar ba ta ce a zaɓi ɗaya a bar sauran ba. Ta ma tuna da wanda bai iya rubutu ba: yana iya nema ta hannun wani, in kuma da baki ya nema, jami'in ne zai rubuta ya ba shi kwafi. Shekaru da dama jihohi suna fakewa da cewa dokar ta Abuja ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta karɓe ta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta raba baki a 2018, reshen Benin ya ce ba ta shafi jihohi ba, reshen Akure ya ce ta shafe su. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke gardamar a wata shari'a daga Edo, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Ciyaman ɗin da ya ce kasafin kuɗinsa sirrin ofis ne, yanzu ba shi da inda zai tsaya. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai tarar naira 500,000.

Masu ganin sanarwa ƙa'idar cika fayil ce kawai, su dubi abin da ya faru a Osun. A 2010 Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen ƙananan hukumomin jihar na 2007 gaba ɗaya, ciyamomi da kansiloli suka koma gida, saboda hukumar zaɓen jihar ba ta ba da sanarwar kwana 150 da doka ta nema ba. 'Yan siyasa suna da lauyoyin da za su ƙirga musu kwanaki. Mai rumfa ba shi da su.

A ƙasashen da suka riga mu, gardamar da ake yi yau ita ce ko a daina biyan jaridu a koma intanet. A Amurka al'adar ta tsufa: tun 1789 majalisarsu ta farko ta ce a riƙa buga dokokin da ta zartar a aƙalla jaridu uku, kuma jihohi suka wajabta wa gundumomi buga sanarwar haraji da gwanjon kadarori da sauya tsarin unguwanni a jaridar yankin. Da ƙananan jaridu suka yi ta mutuwa, hukumomi suka ce me ya sa za mu biya kuɗi a buga abin da ba a karantawa, alhali muna da shafinmu kyauta? Jihar Fulorida ta yi doka a 2022, ta fara aiki a farkon 2023, da ta yarda a sa sanarwa a shafin intanet na gunduma a maimakon jarida. Amma ta sa sharaɗi: a gundumar da mutanenta ba su kai 160,000 ba, sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a an tabbatar suna da isasshiyar hanyar shiga intanet, kuma duk mai so yana iya yin rajista a riƙa aika masa sanarwa ta gidan waya ko imel. Masu jaridu sun yi ta kururuwa. Ba a rasa son kai a ciki, domin kuɗin sanarwa ne ke riƙe da yawancinsu, amma hujjarsu guda tana da nauyi: idan hukumar da ake son sa wa ido ita ce ke riƙe da shafin da ake sanarwa a kai, an bai wa kura ajiyar nama. Tana iya sa takarda yau ta rubuta mata kwanan watan jiya, tana iya gyara adadi, tana iya gogewa. Jaridar da aka buga aka rarraba ba ta gyaruwa. A Ingila kuma dokar ƙananan hukumomi ta 1972 har yanzu tana neman a liƙa sanarwar zaman majalisar gunduma a ofishinta cikakkun kwanaki biyar kafin zama, kuma jama'a na da damar duba takardun da za a tattauna. Najeriya ma ta taka wannan hanya: gyaran da aka yi wa Dokar Shaida a 2023 ya amince da gazet ɗin tarayya ta intanet daidai da ta takarda.

Ina jin 'yan boko namu suna ɗauko wannan gardama yadda take su dasa a nan, wasu na cewa zamani ya wuce takarda, wasu na kare jarida. Duka ɓangarorin suna magana ne a kan mutumin da ba shi ne mafi yawa a Zamfara ba. Jaridun ƙasa da doka ke nufi da Turanci suke fita, kwafin da ke isowa Gusau kaɗan ne, kuma yawanci a ofisoshi suke ƙarewa. Wa zai kai su Birnin Magaji ko Bagega? Intanet kuwa mun ɗanɗana iyakarta. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba, mutane suna tsallakawa maƙwabtan jihohi don kiran waya kawai. A daidai lokacin gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, dokokin da suka taɓa abincin kowa. Waya a kashe, kasuwar da ake jin labari a rufe. Abin da ya rage wa mutane shi ne rediyo da masallaci da bakin mai unguwa. Duk dokar da za ta ce sa takarda a shafin intanet ya wadatar, a jihar da gwamnati da kanta kan kashe intanet ɗin, ba don mu aka rubuta ta ba.

Kafin zuwan gazet muna da tsarinmu, kuma bai mutu ba. Umarni kan taso daga sarki zuwa uban ƙasa, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, sankira ko mai shela ya zaga da yekuwa, ranar kasuwa a maimaita, ranar Juma'a liman ya faɗa bayan sallah. A zamanin En'e da haka ake sanar da lokacin haraji da jangali, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce bai ji ba. Ma'aikatan rigakafin shan-inna sun gane haka, shi ya sa ba su dogara da jarida ba, suka bi ta hannun sarakuna da masu shela. Idan gwamnati na son a fito, ta san hanyar kunnen mutane sarai; dubi yadda motoci masu lasifika ke cika gari lokacin kamfen. Sai a kan ƙarin kuɗin rumfa da kwangilar rijiyar burtsatse ne take tuna cewa allon sakatariya ya isa. Amma yekuwa ita ma tana da nata rauni, kuma babba ne: ba ta barin shaida. Bayan shekara biyu, a gaban alƙali, wa zai tabbatar da abin da mai shela ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da ko naira ɗari biyu ya ce ko ɗari biyar? Kuma saƙon da ya bi ta bakin mutum huɗu yana iya isowa da ƙari ko ragi, wani lokaci da gangan.

Ashe aiki biyu ake nema daga sanarwa, kuma dokokinmu sun cakuɗa su. Akwai ajiye shaida: rubutu tabbatacce mai kwanan wata, a wurin da wanda ya rubuta ba zai iya komawa ya taɓa ba. Akwai kuma isarwa: maganar ta shiga kunnen wanda za ta shafa, da harshen da yake ji, tun da sauran lokacin da zai yi wani abu a kai. Gazet da jarida da intanet sun iya na farko, rediyo da kasuwa da masallaci sun iya na biyu. Majalisar Dokokin Zamfara tana da ikon haɗa su a doka ɗaya ba tare da jiran Abuja ba, tunda sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya bar mata wuƙa da nama. Da ni za a tambaya, rumbun ajiyar ya zama shafi ɗaya na jiha baki ɗaya, ba shafuka 14 da kowane sabon ciyaman zai watsar ya buɗe nasa ba, kuma riƙonsa ya kasance a hannun wani ofis da ba ya ƙarƙashin ciyamomin, kamar na babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi. Kowace sanarwa ta sami lamba da ranar shigarta, in an yi gyara a bar tsohuwar a gefe. Shafin Facebook na mai taimaka wa ciyaman kan yaɗa labarai ba ya cikin lissafi, don ranar da aka sauke maigidansa da shafin zai tafi.

Ta ɓangaren isarwa, doka ta ce da Hausa, a rubutun boko da na ajami, tunda dubban da ake kira jahilai a takardun gwamnati suna karanta ajami ba gargada. A karanta a gidan rediyon jiha fiye da sau ɗaya, a lokacin da manomi ya dawo gida, gidan rediyon kuma ya ba da takardar shaidar ranakun da ya karanta. A yi shela a kasuwar mako mafi kusa, Alhamis a Shinkafi, Talata a Mafara, dagaci ya sa hannu cewa an yi a gabansa. Inda abin ya shafi mutum sananne, a bi ma'aunin sashe na 44 na Dokar Amfani da Ƙasa, a ƙara da cewa wanda rikici ya kora a neme shi ta hannun dagacinsa a inda suke gudun hijira. Sannan a rubuta hukuncin saɓawa a fili: kuɗin da aka ƙara ko tarar da aka sa ba tare da an cika waɗannan ba, ba a karɓarsu, wanda aka karɓa kuma a mayar. Idan babu wannan jimla ta ƙarshe, sauran duk nasiha ce.

Za a ce ina kuɗin? Tambayar ta fi sauƙin amsawa yanzu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamnoni ba su da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, amma alƙiblar ta fito. Abin da ke shiga kuwa ba ɓoyayye ba ne: tun 2004, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu duk wata, yau ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na sa shi a intanet. Mai waya a Gummi yana iya ganin abin da aka ware wa Gummi a watan jiya. Abin da ba zai gani ba shi ne inda kuɗin suka bi bayan sun iso: wa aka bai wa aikin kwalbati, a kan nawa, yaushe aka tallata, mutum nawa suka nema. Kuɗin mintuna goma a rediyo duk mako da ladan mai shela a kasuwanni ba su kai na tayoyin motar rakiyar ciyaman ba, kuma kansila ɗaya ya isa ya gabatar da ƙudurin a zaman majalisarsu tun kafin 'yan majalisar Gusau su motsa.